Makarantar yarana ta cika kiran iyaye, dole ne sai mun je?

Abu_Muhsin:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai abin da ke damuna, ina neman waɗanda suka riga ni shiga su ba ni haske. A watan Agusta aiki ya dawo da ni Abuja daga Kano, na sa yarana biyu a wata makarantar ƙasa da ƙasa, irin masu bin manhajar waje, inda 'ya'yan ma'aikatan jakadanci da na ƙungiyoyi suka yi yawa. Ba zan faɗi sunanta ba. Wurin aikina ke biyan kaso mafi tsoka, ni in cika sauran, sauran ma ba wasa ba ne.

Sati bakwai ke nan da komawa, na ƙirga gayyata tara a imel. Daga ciki akwai taron sababbin iyaye, shan shayin safe da shugabar firamare, ganawa da malamar aji, zaɓen wakilin iyaye, neman wanda zai zo ya karanta wa yara labari, neman mai raka su gidan namun daji, yanzu kuma ranar al'adu. Kusan duk a lokacin aiki. Uwargida tana da goyon wata huɗu. Ranar ganawa da malama na tura ƙanena da muke zaune tare, ya gama digiri, shi ke duba musu aikin gida kullum. Ta karɓe shi da fara'a, amma ta ce ba za ta tattauna karatun yaro da shi ba, sai uwa ko uba. Abin ya sosa min rai. A wurinmu ƙanin uba ai uba ne.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, sau biyu ya taka firamarenmu: ranar da ya damƙa ni hannun hedimasta, da ranar da muka gama. Kuma mun yi karatu. To wannan yawan kira yana da amfani ga yaro da gaske, ko al'adar wasu ce kawai aka ɗora mana?

Maman_Ilham:
Wa alaikumus salam. Malam Abu Muhsin sannu da zuwa, Allah ya raya jariri. Maganar ƙaninka ba raini ba ne. Waɗannan makarantu ba sa ba kowa bayanin yaro sai wanda sunansa ke cikin fom ɗin shiga. Akwai iyayen da suka rabu suna shari'a a kan 'ya'ya, ga kuma tsoron masu satar mutane. Ka je ofis ka cike takardar amincewa da shi, ka sa hannu. Haka na yi wa ƙanwar maigidana, shekara uku ke nan ita ke zuwa in ba na gari.

Dan_Fagge:
Ni ina bayanka ɗari bisa ɗari. Ka zuba miliyoyi sannan a ce ka zo ka yi musu aikin kyauta? Su ɗauki ma'aikata mana.

Malam_Tukur:
Ɗan Fagge, ka yi haƙuri in ɗan gyara maka zama. Na koyar shekara shida a sakandaren gwamnati, yanzu shekara tara ina irin wannan makaranta, na ga ɓangarorin biyu. Yana da kyau a san asalin abin. Makarantar ƙasa da ƙasa ta Jeneba a Suwizalan, wadda ake ɗauka kamar uwa ga sauran, a 1924 aka buɗe ta. Ma'aikatan Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya da na tsohuwar majalisar ƙasashe da ta gabaci Majalisar Ɗinkin Duniya ne suka haɗu suka kafa wa 'ya'yansu. A garin ne kuma aka kafa tsarin IB, wato manhajar karatu da jarrabawa ta ƙasa da ƙasa, a 1968, don yaron da ubansa ke yawo ƙasa ƙasa ya fita da takardar da jami'o'i za su karɓa a duk inda aka sauka. Ko a nan gida, Hillcrest ta Jos 'yan mishan suka buɗe ta a 1942 saboda 'ya'yansu.

Ka ga ke nan tun tushe iyaye ne masu makaranta. Da yawa har yau ba na mutum ɗaya ba ne. Iyaye ke zaɓen wasu daga cikin 'yan hukumar gudanarwa, hukumar ke ɗaukar shugaban makaranta, ita ke yanke kuɗin shekara. In ka sa ɗanka a irin wannan, kana da ƙuri'a, ko ka yi amfani da ita ko ka bar wa wasu.

Amma akwai wata irin, wadda attajiri ɗaya ya gina ya rubuta ƙasa da ƙasa a allon ƙofa. A can sau da yawa aikin PTA tara kuɗin bas da man janareta ne. Abu Muhsin, fara binciko wace iri ce taka.

Dan_Fagge:
Na ji tarihi, Malam. Amma baƙin da suka tsara abin, yawanci ɗaya ne ke aiki, ɗayar tana gida saboda ba ta da izinin aiki a ƙasar. Ita shayin ƙarfe tara na safe bai dame ta ba, ma samun abokan hira ta yi. Mu da muke fita tun bayan asuba fa?

Malam_Tukur:
Wannan kam gaskiya ka faɗa, ban musa ba. Mu malamai ma mun sha faɗa a taronmu.

Anti_Bilki:
Bari in ba ku abin da ya faru da mu, ku auna da kanku. Shekarar da na sa 'yata ta fari, ƙarfe uku da rabi ake tashi har ranar Juma'a, kuma babu ɗakin salla. Yaranmu ba kaɗan ba ne a makarantar, amma a famfon banɗaki suke alwala, su shimfiɗa kwali a ƙarƙashin bene su yi azahar. Kowa yana ƙorafi a gida da wajen biki, ba wanda ya taɓa faɗa a inda za a rubuta a ajiye.

Ranar da na fara zuwa taron PTA, mun kusa arba'in, ni kaɗai ce 'yar Arewa. Ga 'yan Indiya, ga 'yan Labanan, ga matan Koriya biyu, ga 'yan uwanmu na Kudu. A gabana wata 'yar Indiya ta miƙe ta yi magana a kan abincin yaran da ba sa cin nama, kafin zango ya ƙare an ware musu tukunya a kicin. A nan jikina ya yi sanyi. Ashe ba ƙin mu aka yi ba, kujerarmu ce kullum babu kowa a kai.

Na nemo mata uku. Ba mu fara da buƙata ba. Muka shiga kwamitin baje kolin littattafai, muka tsaya a rana muna raba ruwa ranar wasanni, muka san sunan kowa, kowa ya san namu. Sai a zango na uku muka rubuta takarda shafi ɗaya: ɗaki, tabarmi, wurin alwala, minti goma sha biyar bayan abincin rana, da damar manyan yara maza su samu Juma'a. Wadda ta fara ɗaga hannu ta goya mana baya, wata Kirista ce 'yar Filato, har yau muna zumunci. Ɗakin mun samu a shekarar. Maganar Juma'a kuwa sai da ta ci shekara biyu, don sai da aka warware jadawalin darussa gaba ɗaya aka sake ɗinka shi. Yanzu sha biyu da rabi ake tashi.

Direba ba zai yi maka wannan ba, Alhaji. Zuwa da kai ya fi saƙo.

Maman_Ilham:
Allah ya saka da alheri, Anti. Wallahi har na ji ƙwalla wajen kwalin nan.

Ummu_Hanan_Jidda:
Mu nan Jidda salla ba matsala ba ce, hutun mako ma Juma'a da Asabar ne tun 2013. Ciwonmu harshe ne. Turanci a aji, Larabci a kanti da unguwa, Hausa ta koma ta waya da kaka. Da muka je Katsina hutu, mahaifiyata ta tambayi ɗana abin da zai ci, ya juyo ya dube ni in fassara masa. Ba ta ce komai ba, amma na ga fuskarta, daren nan ban yi barci ba.

Da aka nemi iyaye su zo ranar harshen uwa, 21 ga Fabrairu, sai na ba da sunana duk da kunya tana cina. Na yi musu tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, na koya wa ajin in na ce ga ta nan ga ta nanku su ce ta zo mu ji ta. Yaran Misira da Fakistan da Filifin suna ta maimaitawa. Ɗana da a da ba ya so in yi masa Hausa a bakin get, shi ne ya tashi yana gyara musu lafazi. Ba zan ce yanzu ya iya kamar ɗan Ƙofar Soro ba, amma ya daina ɓoye ta. Abu Muhsin, wannan gayyatar karanta labari da ka lissafa, in ni ce ita zan fara amsawa.

Alhaji_Sabo_Kwari:
To ku da kuke maganar Hausa, ina maganar islamiyya? Ni nan ne na kasa. An tashi uku, sai a ce akwai ƙwallo, akwai ninƙaya, akwai muhawara har huɗu da rabi. Islamiyyar unguwarmu huɗu ake shiga. Yaro ya dawo a galabaice, ga jingar gida. Nawa da ya kai izu goma kafin mu sauya makaranta, yanzu haddar tana zubewa.

Anti_Bilki:
Alhaji Sabo, waɗannan na bayan tashi ba dole ba ne, zaɓi ne. Mu kwana biyu muka yarda a mako, sauran malam yana zuwa gida bayan la'asar, Asabar da Lahadi kuma tahfiz da safe. Sai dai ka san yaro zai yi kukan an raba shi da abokai.

Alhaji_Sabo_Kwari:
Ai kukan ne ya fi ƙarfina, Hajiya. Zan gwada kwana biyun.

Mamane_Yamai:
Gaisuwa daga Nijar. Ni tsarin Faransa na sani, a nan yarana suka yi lakwal, wato makarantar boko, tun daga ƙaramin aji har bak, jarrabawar ƙarshen sakandare. A wurinsu shigar iyaye ba ganin dama ba ne, doka ce ta tsara. Kowace shekara wajen watan Oktoba iyaye na kaɗa ƙuri'a su zaɓi wakilai a majalisar makaranta. A lise kuma, wato babbar sakandare, ƙarshen kowane zango ana zaman aji, malamai duka su hallara da wakilan iyaye da na ɗalibai, a bi sunan yara ɗaya bayan ɗaya. Na yi wakili shekara biyu. A zaman ne na ji ana shirin tura wani yaro Bahaushe sashen da ba ya so, mushe ɗaya, wato malami, ya ce ba ya magana a aji, alamar bai fahimta. Na ce musu a gidajenmu yaro ba ya haɗa ido da babba, ba ya katse shi, tarbiyya ce ba duhun kai ba. Aka duba takardun jarrabawarsa, aka fasa. Uban yaron ɗan kasuwa ne, bai taɓa sanin an yi zancen ba.

Malam_Tukur:
Mamane, ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Baƙon malami yana auna yaro da ɗaga hannu da musu. Yaronmu mai kunya sai a rubuta masa ba ya shiga darasi. In uba ya zauna da malamin minti goma ya bayyana masa, rahoton yakan sauya.

Bawan_Allah_Talaka:
Ina ta karanta ku tun ɗazu. Ba hassada nake ba, Allah ya ƙara buɗi. Amma ajin da matata ke koyarwa a ƙauyenmu yara sun haura ɗari, rabi a ƙasa suke zama, rufin ya yaye tun damina biyu. Kuɗin zango ɗaya na ɗayanku zai rufe makarantar gaba ɗaya. Ku da kuka iya rubuta takarda shafi ɗaya a saurare ku, duk kun kwashe 'ya'yanku kun bar mu. Wa zai rubuta mana tamu?

Abu_Muhsin:
Ɗan uwa, maganarka ta shige ni. Ni ma irin wannan makaranta na fito, kuma rabona da leƙa ta ya fi shekara goma sha biyar. Ba ni da amsar da zan ba ka yau.

Malam_Tukur:
Bawan Allah, a makarantun gwamnati akwai kwamitin kula da makaranta na SBMC, wanda ya haɗa mai unguwa, liman, iyaye, mata da tsofaffin ɗalibai. Inda yake da rai yana aiki, na ga wanda ya gina aji da kuɗin karo-karo. Tsohon ɗalibi irin Abu Muhsin yana da gurbi a ciki ko da ɗansa ba ya can. Ka turo min sunan garin ta akwatin sirri mu yi magana.

Injiniya_Bashir:
In dawo da mu kan tambayar farko. Ni ba na zuwa shan shayi, ba na zuwa baje koli, kuma ba na jin na yi laifi. Amma taro biyu ba na wasa da su, don na ga abin da rashin zuwa ya jawo.

Na ɗaya, taron kasafin kuɗi. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Makarantun da ke biyan malaman waje da kuɗin jarrabawa da dala, duk sun juyo kan iyaye. A tamu an kira taro a kan ƙarin, mu kaɗan muka je. Mu ne muka matsa aka yarda a riƙa biya kashi uku maimakon gaba ɗaya, aka kuma yi rangwame ga mai yara uku. Waɗanda ba su je ba, a WhatsApp suka yi ta kumfar baki bayan an riga an buga hatimi.

Na biyu, taron zaɓen darussa. A tsarin Ingila yaro yana zaɓen darussan jarrabawar sakandare ta IGCSE a ƙarshen aji tara, yana ɗan shekara 14. Ɗan yayana ya ajiye fizis saboda abokansa sun ajiye, uban bai je taron ba, ya sa hannu a fom a cikin mota. Niyyarsu a kai shi waje ya karanta likita. Da dala ta tashi aka ce a dawo gida a yi JAMB. Jami'o'inmu kuwa likita sai da kiredit a Turanci, lissafi, fizis, kemistiri da bayoloji. Sai da yaron ya zauna shekara guda a gida da mai lesin, ya rubuta WAEC ta masu zaman kansu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Maman_Ilham:
Injiniya, haka abin yake a IB ma. Darussa shida ake ɗauka a shekaru biyun ƙarshe, uku a mataki mai zurfi, maki mafi yawa 45. In ba a zaɓi masu zurfin daidai da abin da yaro zai karanta ba, ko ya ci maki mai kyau jami'a za ta iya ƙin sa.

Zainabu_Nima:
Ku ba ni dama in yi magana a matsayin 'ya, don duk iyaye ne ke ta faɗin nasu. A Akara na yi irin wannan makaranta, na gama a 2019, shekarar da azumi ya kama a farkon Mayu muna tsakiyar jarrabawar ƙarshe. Ranakun jarrabawa daga waje ake sa su, makaranta ba ta iya ɗagawa. Iyaye mata ne suka nemi a ba mu ɗaki mai sanyi mu kwanta tsakanin takardar safe da ta yamma. Mamata ba ta cikinsu, tana kasuwa, amma na ci albarkacinsu.

Abin da ban manta ba shi ne wata rana a firamare da ake cewa yaro ne zai jagoranci ganawa, ya zaunar da iyayensa ya nuna musu aikinsa na zango. Na yi sati ina shiri. Babana ya ce zai zo, aiki ya riƙe shi. Malama ta zauna a kujerarsa na nuna mata abin da ita ta koya min. Ban riƙe shi a zuci ba, na san wahalar da ya sha a kan kuɗin makarantata. Amma Baba Abu Muhsin, in za ka zaɓi guda ɗaya tak a cikin taran nan, ka tambayi yaran wacce suke so ka zo.

Hajiya_Turai:
Allah sarki Zainabu. Sai dai a faɗi ɗayan gefen. Akwai iyayen da suka mayar da makaranta gidansu. Kullum suna bakin aji, yaro ya samu maki kaɗan sun tasa malami a gaba, ƙarfe goma na dare suna tura masa saƙo. A rukunin iyayen ajinmu an taɓa yi wa wata malama 'yar ƙasa taron dangi a kan abin da ba a ko bincika ba, har ta ajiye aiki. Kuma na lura ba a yi wa baturen malami haka. Ga gasar bikin ranar haihuwa, kowa na so nasa ya fi na wancan, yaranmu su dawo gida suna raina abin da muke iyawa. Shigar iyaye in ta wuce gona da iri ita ma ɓarna ce.

Malam_Tukur:
Hajiya Turai, na gode da kika faɗa, da ni na faɗa sai a ce ina kare kaina ne.

Dan_Fagge:
To kun gani. Ni har yanzu ban sauka daga ra'ayina ba. Mahaifin Abu Muhsin sau biyu ya je, ga ɗansa nan ya zama mutum.

Anti_Bilki:
Ɗan Fagge, mahaifinsa da hedimastan sahu ɗaya suke salla, ɗan aike ɗaya ya isa ya ji labarin ɗansa kafin magariba. Malamar Muhsin daga wata nahiya ta zo, ba ta san sunan unguwarsu ba.

Abu_Muhsin:
Na gode ƙwarai, jama'a. Yau da safe na bi ta ofishin, na cike takardar da Maman Ilham ta ce, an sa sunan ƙanena. Malam Tukur, na tambaya, ashe tamu irin mai hukumar da iyaye ke zaɓa ce, zaɓen ma wata mai zuwa ne, ni ban ko buɗe imel ɗin ba. Na kuma roƙi a duba yiwuwar mayar da wasu tarukan ƙarfe biyar na yamma, matar ta ce in kawo a rubuce, in da hali da sa hannun wasu iyayen. Shayin safe dai ba zan iya ba, kuma har yanzu ina ganin tara ta yi yawa a sati bakwai.

Na yi wa yaran tambayar Zainabu. Babban ya ce ranar wasanni. Ƙaramar ta ce ranar al'adu, wai teburin Najeriya bara dafa-duka da cincin kawai aka kawo, ƙawarta ta faɗa mata, ita tana so a ga namu.

Maman_Ilham:
Yawwa! Ka ce wa Maman Muhsin kada ta wahalar da kanta da goyo. Masa da kilishi da zoɓo sun isa, sai mai lalle guda ɗaya, za ka ga layi. Amma ka rubuta a kati cewa kilishi akwai gyaɗa a ciki, wasu yaran ba sa jituwa da ita, wasu makarantun ma sun hana shiga da ita kwata-kwata. Ka tambaya tukuna.

Ummu_Hanan_Jidda:
In an hana kilishi, a kai dambun nama. Kuma ku sa mata kayan saƙi, ta gaishe su da Hausa.

Injiniya_Bashir:
Abu Muhsin, maganar taron yamma, ka rubuto takardar ka sa a nan mu gani. Ni ma ina so in kai irinta tamu makarantar.

Abu_Muhsin:
In sha Allah zan rubuta daren nan. Anti Bilki, ko kina da kwafin taku ta wancan lokacin in ga yadda kuka tsara ta?

Anti_Bilki:
Tana cikin tsohuwar kwamfutata. Bari yara su dawo daga tahfiz su nemo min caja.